Ranar da Maza Suka Tuƙa Tuwo a Italiya

Sanyi ne ya fara yi mini sannu da zuwa a ƙasar Italiya, ɓarawo ya biyo bayansa.

Mun fito daga filin jirgi ke nan, ina tura Sitti a kekenta na marasa lafiya, ɗanta Ustaz Faisal ya tafi karɓo motar haya, sai ga wani mutum da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikata, fuska a sake, yana ta "Mamma, mamma," yana nuna kayanmu. Na ce kai, mutanen ƙasar nan akwai tarbiyya! Ya kama amalanken kaya ya tura mana har bakin titi, ya gyara wa Sitti bargo a ƙafa, har da ɗan rusunawa. Ni kuwa baki har kunne, ina sa masa albarka da Hausa da Larabci. Sai da aka zo loda kaya a mota na duba babu jakata mai ruwan ƙasa. Ba zinariya a cikinta, ba komai na a zo a gani. Kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawar da ƙanwata ta aiko mini daga Damagaram. Har yau in na ƙiyasta yadda fuskar bawan Allahn nan ta koma sa'ad da ya zuge jakar daddawa ta buge shi, sai in ji na huce. Abin da ya tsira kawai ƙullin yajin da ke cikin jakar hannuna.

Sunana Zuwaira, 'yar Damagaram ce ni, amma Jidda ta cinye rabin shekaruna. Sitti kuwa, haka kowa ke kiranta, wato kaka, a Jidda aka haife ta. Iyayenta da ƙafa suka taso daga ƙasar Katsina neman aikin hajji, da suka sauke farali sai suka zauna. Gidanta na unguwar Hindawiyya babu ɗan ƙasarmu da ya sauka Jidda bai san ƙofarsa ba. Tukunyarta ba ta sauka daga kan wuta. Kullum bayan azahar za ka tarar da tsofaffin mata sa'o'inta sun kewaye faranti guda, ana ci ana gulma ana ƙyaƙyata dariya, Hausa na shiga Larabci na fita. Ni ma ranar da na sauka garin, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba dangi, a gidan nan na fara cin tuwo.

Sai aka zo rusau a tsofaffin unguwanni, maƙwabta suka watse, wasu Khumra, wasu Makka, wasu suka koma ƙasa. Ba a jima ba mai gidanta ya rasu. Ustaz Faisal, ɗanta na fari, injiniya ne, ya ɗauke ta ya kai ta wani dogon bene can arewacin gari, ya ba ta ɗaki ita kaɗai mai na'urar sanyi da gado mai tashi da kansa. Ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, ya ɗauke ni in riƙa kula da ita. Wallahi ya yi ƙoƙari, ban ga abin da ɗa zai yi wa uwa da bai yi ba. To amma tun da ta shiga ɗakin nan cinta ya fara ja da baya.

Babu abin da ban dafa ba. Tuwon shinkafa miyar taushe, dambu, kunun gyaɗa, har shinkafa da madara irin ta mutanen Hijaz. In shirya tire, in ajiye mata, in ce, "Sitti, ga abinci," in jawo ƙofa in fita, don a gidanmu ba a tsaya wa babba a ka yana cin abinci. In dawo in tarar da shi yadda na bar shi. "Ma abga," in ji ta, wato ba ta so. "Halas, ya isa, ɗauke." Shi kuwa Ustaz ɗan fari ne, kun san halin iyayenmu da ɗan fari. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron nan." In ya shigo gaishe ta da kwano a gabanta, sai ta ture kwanon ta kau da kai, shi ma ya sunkuyar da nasa kan ya fita.

Likitocin Jidda suka duba suka duba ba su ga ciwo ba. Wani abokin Ustaz ya ba shi labarin wani likitan tsofaffi a Italiya, ya ce kuma iskar karkararsu magani ce. Shi ya kawo mu. Likitan ya yi nasa aune-aunen, ya ce shi ma bai ga ciwo ba, jiki ne kawai yake bushewa. Ya sa mana rana, Litinin ta sama. In har lokacin ba ta koma cin abinci ba, za a kwantar da ita a zura mata roba ta hanci. Da muka koma mota Ustaz ya tsaya biyan kuɗin ajiye mota, Sitti ta damƙe wuyan hannuna da 'yan yatsunta da suka koma kamar sillen kara.

"Ya binti, 'yata, na ga yadda robar nan ta yi wa Malam mai gidana kafin ya cika. Ki yi mini alkawari ba za a sa mini ba."

Na ce, "Na yi, Sitti." Ni da ko fasfo ɗina ba a hannuna yake ba.

Gidan da Ustaz ya kama mana, filla suke ce masa kamar yadda ake faɗa a Jidda, amma bai yi kama da fillar Jidda ko ta ina ba. Tsohon gidan gona ne na dutse a bisa tudu, bango mai kaurin da zai ɗauki mutum a kwance, ga murhu a tsakiyar falo ana hura itace. Ka buɗe taga da safe, la ilaha illallahu! Tudu bayan tudu, duk itatuwan zaitun ne a jere kamar an auna da igiya, hazo na kwance a kwari fari fat, ga wasu dogayen itatuwa sirara kamar an fiƙe su. Ni da na saba buɗe taga in ga bangon benen maƙwabci, sai na tsaya baki buɗe har shayi ya ƙone a wuta. Sanyi kuwa ba a magana. Zani uku nake ɗaurawa, in ɗora rigar sanyin Ustaz, in sa safarsa. Zafin Jidda da nake tsine wa kullum, ranar na nemi gafararsa. Abin da ya fi damuna shi ne rashin kiran salla. Ƙararrawar coci ce ke kaɗawa daga tsallaken kwari, mu kuwa sai waya ce ke yi mana ladanci daga cikin aljihu. Ran nan ina ninke kaya wayar ta ce Allahu akbar, sai kawai na ji hawaye.

Mai kula da gidan wata mata ce kakkaura mai jan kumatu, Marta. Ba ta jin ko ɗaya daga harsunana, ba na jin nata, amma kafin kwana biyu mun zama ƙawaye. Da hannu muke hira. Ta nuna ɗakin Sitti, ta haɗe yatsu ta kai baki, ta ɗaga gira. In girgiza kai. Sai ta dafe ƙirji ta kalli sama ta yi ta surutu, ni ma in taya ta da Hausa, mu rabu kowa ya fahimci kowa.

Ustaz ya ɗaura niyyar sai ya nuna wa uwarsa duk ƙasar, ko Allah zai sa ranta ya motsa. Kowace safiya ya tsaya a bakin ƙofa da 'yar Hausarsa mai ɗingishi, don ya fi jinta a kan faɗarta, ya ce, "Yalla, ya Ummi, yau za ki gani abu mai kyau." Mu naɗe ta mu sa a mota.

Zangonmu na farko wani tsohon gari ne a ƙolin dutse, da ganuwa da ƙofa irin na garuruwanmu na da. Lungunansa matsattsu, sun tuna mini tsohuwar Jidda. Sai dai titunan duk duwatsu ne aka jera, keken Sitti na ta kakkarwa, ni ina haki a baya. Akwai hasumiyoyi dogaye da aka ce masu kuɗin da ne suka yi ta gasar ginawa, kowa na son tasa ta fi ta maƙwabci tsawo. Na ce ashe halin nan ba a garinmu kaɗai yake ba. A wani lungu wata mata ta hango ni ta jawo jakarta ta rungume, abin ya sosa mini rai, ni da aka yi wa sata a ƙasarsu. Amma ban bari ya ɓata mini rana ba, don a nan na haɗu da jelato, wani ƙanƙararren madara da ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. Ustaz ya saya wa Sitti na fistak, wata koriyar gyaɗa. Ta kalle shi ta ce, "Ma abga." Na ce haram ne a bar ni'imar Allah ta narke, na shanye nawa na shanye nata.

Ƙarshen mako Marta ta nuna mana hanyar wani ƙauye cikin daji inda ake bikin kastana. Kastana wani ɗan itace ne mai ɓawo ja, a Jidda ma ana sayar da shi lokacin sanyi, in an gasa ɗanɗanonsa tsakanin gurjiya da dankali. Amma abin da ake ƙirga mana a 'yar takarda a Jidda, nan da shebur ake juya shi a kan wuta cikin kasko mai faɗin tabarma. Gari duk hayaƙi da ƙanshi. Can sai ga ganguna. Samari sun fito cikin matsattsun wanduna, ƙafa ɗaya ja ƙafa ɗaya ɗorawa, kowa da tuta. Su wurga tutar sama har ta wuce rufin gidaje, ta juyo, su cafe da hannu ɗaya. Wani ya wurga wa ɗan'uwansa ta bisa kan jama'a, shi ma ya cafe. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba! Filin ya yi tsit, ganguna ma sai da suka yi tuntuɓe. Kowa ya waiwayo. Ustaz ya rufe fuska da tafin hannu. Sai wani tsoho ya fara tafi, jama'a suka ɗauka, wata mata ta zo tana nuna maƙoshina wai in sake. To, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙas. Ni na gani a ƙas, na sake rangaɗa musu har sau biyu.

Da na juyo ina dariya don in ga ko Sitti ta ji daɗi, sai na tarar ta riƙe kastanar da na ɓare mata a tafin hannu, tana ɗumama yatsu da ita. Ko kusa da baki ba ta kai ba. A mota ta miƙo mini ita ta yi sanyi.

Ana nan, wata rana da hantsi na fita bayan gida shanya, a gonar maƙwabta ana karkaɗar zaitun, an shimfiɗa manyan raguna a ƙarƙashin itatuwa. Sai na ji wata murya daga cikin reshe ta ce, "Kai, wannan raga ta ishe ni, Allah wadaran ta!"

Bokiti ya suɓuce daga hannuna. Na ce, "Wane ne ke zagin raga da Hausa a nan?"

Wani kai mai furfura ya leƙo daga cikin ganye. Muka tsaya muna kallon juna. Sai ya duro yana salati. Malam Sale ke nan, mutumin Tawa, ya tsallako teku a kwalekwale shekarun baya, yana bin gonaki da aiki, inabi in lokacinsa ya yi, zaitun in nasa ya zo. Muka yi gaisuwa tun daga gida har gajiya har iyali har sanyi, muka sake komawa farko, don kawai mu ji daɗin bakinmu. Da yamma ya zo gaishe da Sitti, ya durƙusa har ƙasa, ya kawo mata kwalbar sabon man zaitun da aka matse a ranar, kore shar, in ka lasa sai ya ɗan yi maka yaji a maƙoshi. Ta sa masa albarka, man kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Da na raka shi ƙofa na ba shi labarin robar hanci. Sai ya ce, "Ranar Lahadi ku zo garin can na bisa tudu. Bikin tuwo suke yi."

"Bikin me?"

"Tuwo. Tuwon masara."

"Malam Sale, ka ji tsoron Allah. Da furfurarka?"

"Wallahi tuwo, Hajiya Zuwaira. Polanta suke ce masa. Gani ya kori ji."

Ranar Asabar Sitti ko shayin da take ɗan kurɓa sai da ta bar rabi. Ustaz ya same ni a kicin, idonsa ja. Ya ce, "Halas, ya Zuwaira. Litinin mustashfa, sai asibiti. Ki shirya kayanta." Na ce masa akwai biki gobe. Ya ce ba inda za a je, an yi yawon ya isa, sanyi zai ƙarasa ta. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli kafilina ba, ranar na tsaya a gabansa ina roƙo. Ya ce a'a. Na je ga Sitti, ita ma ta juya wa bango fuska ta ce in ƙyale ta. Na kwana ina tunanin alkawarina.

Washegari da hantsi sai ga Marta da kwalliyarta ta Lahadi, da barguna biyu da robar ruwan zafi. Ba ta tambayi kowa ba. Ta shige ɗakin Sitti tana surutu, ta cusa mata robar a ciki, ta naɗe ta, ta nuna mini ƙafafu na kama, muka ɗora ta a keke. Ustaz ya fito yana yi mata bayani da Turanci, ta ɗauki makullin mota daga kan tebur ta danƙa masa a hannu ta wuce. Allah ya saka wa matar nan da alheri, rashin jin harshenmu ya yi mana rana.

Tun daga ƙofar garin hancina ya gaya mini Malam Sale bai yi ƙarya ba. Ƙanshin garin masara a ruwan zafi da hayaƙin itace, ko a kabari aka tashe ni na san shi. Muka ɓullo filin tsakiyar gari, sai ga tukunya ta jan ƙarfe a kan wuta, wadda in ka jefa ɗan maraƙi a ciki zai yi iyo. Tuwo ne a ciki rawaya, yana ɓul-ɓul yana tsartuwa. Na ce ikon Allah! Amma ba tukunyar ce ta tsayar da ni ba. Maza ne ke tuƙi! Ƙarti da gashin baki, sun ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, suna karɓa-karɓa da wata muciya mai tsawon mutum. Matan garin kuwa suna zaune a dogayen tebura, ƙafa ɗaya kan ɗaya, suna hira.

Malam Sale ya ɓullo daga cikin jama'a yana dariya. Na ce, "Malam Sale, matan garin nan duk hannunsu ya karye ne? Suna zaune maza na tuƙa tuwo, ga baƙi na kallo?"

Ya ce, "Al'adarsu ce, Hajiya. Tuwon biki na maza ne."

Ni dai jikina bai ba ni ba. A ce mace tana tsaye da lafiyarta namiji na fama da muciya a gabanta? Kafin ya ce wani abu na ajiye jaka a cinyar Sitti, na gyara ɗaurin zani, na kutsa. Babbansu, wani mai gashin baki fari fat, ya dube ni ya dubi abokansa, ya fashe da dariya, ya miƙo mini muciyar da hannu biyu. Mai kiɗa da wani akwati da ake matsawa yana numfashi ya matso kusa, jama'a suka fara tafi.

To, abin da ban lissafa ba, ni a zaune na iya tuƙi, kan kujera 'yar tsugunno, tukunya a tsakanin ƙafafu. Wannan kuwa a tsaye ake yi, kuma muciyar ta fi ni nauyin kai. Na luma ta, ta kafe. Na ja, ta ƙi. Na tattara ƙarfina na fizgo, sai wani curin tuwo ya yi tsalle ya manne a ƙirjin mai gashin baki, wani ya sauka a damtsena. Wayyo zafi! Mazan suka ɗau ihu suna zana da'ira da hannu, wai ta gefe ɗaya kawai ake juyawa. Jama'a na dariya har da masu riƙe ciki. Ni kuwa ga zafi ga kunya, ga muciya ta ƙi saki.

Sai na ji wata murya ta tsaga filin.

"Ke! 'Yar Damagaram! Aib alaiki, abin kunya! Uban wa ya koya miki riƙon muciya haka?"

Na waiwaya. Sitti ce. Ta ture bargo, ta miƙe wuya, idanunta na walƙiya. Muryar da take tsawata wa masu aiki da ita a Hindawiyya, wadda na ɗauka an binne ta tare da gidan.

"Kin kunyata mu a gaban Turawa! Sauke hannun hagun ƙasa! Jawo shi jikin tukunya ki murje gudajin! Kai, yaron nan, tura ni can, me kake tsaye kana kallo?"

Ustaz ya turo ta da sauri har yana tuntuɓe. Ta leƙa tukunyar, ta taɓe baki, ta ce wa Malam Sale, "Gaya masa wutar ta yi yawa, zai kama." Ya fassara. Mai gashin baki ya buga ƙirji ya ce tun kakansa haka ake hura ta. Sitti ta ce to tun kakansa ake cin ƙonannen tuwo a garin nan. Malam Sale ya fassara wannan ma, ɗan banza, bai rage komai ba. Filin ya kaure. Wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, ashe uwar Marta ce, ta buga tebur ta taso da sandarta tana nuna mai gashin baki, wai ita ma abin da take faɗa masa ke nan tun yana saurayi. Shi bai yarda ba, su ba su yarda ba, aka yi ta yi har tuwo ya nuna. Ni dai na samu na sulale na ba su muciyarsu.

Maza huɗu suka cicciɓi tukunyar suka juye tuwon a kan wani dogon katako da aka wanke, suka baje shi. Babu kwano, babu malmala. Kowa zai zauna a gefen katakon ya ci daga gabansa. Sai ga mata da manyan tukwanen miya ja. Malam Sale ya raɗa mini, "Miyar nan da naman alade." Na ce shi ke nan, an zo bakin rijiya guga ya tsinke. Amma ya riga ya gaya wa Marta ba ma cin alade. Ta ɗauko wani sabon katako ƙarami, ta sa aka zuba mana namu zalla daga tukunya, ta ajiye a ƙarshen tebur a gaban Sitti. Malam Sale ya karɓo sabon mai, na kwarara. Na tuna da ƙullin yajina, wanda ɓarawo bai samu ba, na kwance na zuba a gefe.

Na ce, "Sitti, ga abinci." Na ja da baya na juya fuska, yadda na saba. Ustaz ma ya zame ya koma bayan famfon tsakiyar fili yana duban bango.

Su kuwa tsofaffin garin ba su san wannan ba. Uwar Marta ta ga jan gari a gefen tuwo, ta jawo kujerarta kiiii har gwiwarta na taɓa keken Sitti. Ƙawayenta biyu suka biyo ta. Ta caki tuwo da cokali mai yatsu, ta dangwali yaji da yawa kamar mai ɗibar sukari, ta kai baki. Ina leƙe ta wutsiyar ido. Fuskarta ta yi ja, ido ya kawo ruwa, sai tari, tana fifita baki da hannu tana kiran sunayen waliyyansu ɗaya bayan ɗaya. Sitti ta tuntsire da dariya har 'yan haƙoranta da suka rage suka bayyana.

"La, la, ya Hajja, ba haka ba! Za ki kashe kanki. Ke, zuba mini ruwa."

Na zuba mata ta wanke hannu. Ta gutsuri tuwo, ta mulmula shi da yatsu, ta shafo mai, ta ɗan taɓa yaji kaɗan. Ta ɗaga wa tsohuwar ta gani. "Kin gani? Shwayya shwayya, kaɗan-kaɗan. Bismillah." Ta sa a bakinta.

Ta tauna, ta haɗiye, hannunta ya sake komawa katakon.

Malam Sale ya ce a hankali, "Kada ki kalle ta, Hajiya." Na kalli sama, na kalli hasumiyar coci, na kalli takalmina, hawaye na zuba kan ƙunar damtsena. Uwar Marta ta ajiye cokalinta, ta naɗe hannun riga, ta sa hannu ita ma. Ƙawayenta suka bi. Tsofaffi huɗu a kan katako guda, wannan na zuba Italiyanci, wannan na mayar mata da Hausa da Larabci, suna nuna mai gashin baki suna dariya, ko tafinta ba su nema ba. Can na hango Ustaz a bayan famfo ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa.

Da katakon ya kusa tashi Sitti ta ɗaga kai ta ce, "Ƙanzon fa? Ko shi ma na maza ne?" Ashe su ma suna ji da ƙanzo, har rububinsa ake yi. Mai gashin baki da kansa ya kankaro mata wani faffaɗa, ya kawo da hannu biyu yana rusunawa. Ta juya shi ta nuna masa inda ya yi baƙi.

A hanyar komawa ni ce har da waƙa a mota. Na tsaya na sayi garin masarar nan buhu guda, don na gama yanke hukunci a raina cewa sirrin a masarar Italiya yake.

Litinin da sassafe, ranar asibiti, na tuƙa shi a zaune yadda na iya, na kwashe, na zuba mai, na sa yaji a gefe. Na shiga na ajiye tire a gabanta.

"Sitti, ga abinci."

Na juya zan fita, sai na ji an riƙe mini zani.

"Ina za ki?"

"Kicin, Sitti."

Ta dube ni. Ta ce, "Tun da aka kai ni benen can, kowa ya ajiye mini kwano sai ya ja ƙofa ya gudu. Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. In na kai loma, nan take tsayawa." Ta nuna maƙoshinta.

Na durƙusa. Na ce, "Haba Sitti, me ya hana ki faɗa?"

"Babba ya roƙi yaro ya ci da shi? Ke da kunyarki, ni da tawa. Wanke hannunki."

Na wanke. Na zauna a ƙasa, na saukar da tiren tsakaninmu, ita ma na taimaka mata ta sauko kan darduma. Na sa hannuna a kwano ɗaya da matar da ta yi jika da ni. Mun yi loma biyu ke nan sai ga Ustaz a bakin ƙofa, ya sha kwat, makullin mota a hannu ɗaya, jakar takardun asibiti a ɗaya. Ya ga kwano a gaban uwarsa, ya sunkuyar da kai, ya fara ja da baya.

Sitti ba ta ture kwanon ba. Ba ta kau da kai ba.

Ta ce, "Faisal."

Ya tsaya cak. Mutumin da ya haura hamsin, da furfura a gemu, bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"Ajiye makullin nan. Wanke hannunka."

Ya ajiye. Ya naɗe hannun kwat ɗinsa, ya zauna a ƙasa kusa da ita. Tuwon da zafi, na ga ya ƙona masa yatsu, amma bai cire hannu ba.